Bakwai Sau Takwas

A Tawa, bayan rumfunan masu albasa,
akwai aji mai taga uku, ɗaya ba ta rufuwa.
Nan Mushe Nomau ya shekara ashirin da shida
yana koyar da abu huɗu, bai taɓa ƙarawa ba:
karatu, rubutu, lissafi,
da zama wuri ɗaya har aiki ya ƙare.

Kafin a kaɗa ƙarfen da ke rataye a dogon yaro
ya riga ya ja layi a allo.
Yakan ce, ba a fara rumbu daga hula.
Wanda bai san bakwai sau takwas ba
kada ya tambaye ni labarin taurari.

Mu saba'in ne, baki ɗaya.
Muna rerawa har awakin maƙwabta suka saba.
Ɗaga allo! Sauke! Goge!
Alli ya shiga farce, ya shiga tuwon dare.

Arzika ne kaɗai hannunsa ba ya jin magana.
Ran wata Talata ya zana raƙumi a gefen lissafi,
da tozo, da akala, har da gajiyar ƙafar baya.
Mushe ya tsaya a kansa, ya daɗe.
Ya ce, raƙuminka ya yi kyau.
Goge shi.
Arzika ya tofa yawu, ya sa bakin riga.

Yau ni ke kwana a ɗakin yara na asibiti.
Daren jiya wuta ta ɗauke, waya ta mutu,
ga jariri a sikeli, kilo bakwai,
takwas ga kowane kilo, in ji takardar likita,
uwar tana kallon hannuna kamar mai jiran hukunci.
Hamsin da shida ta fito bakina
tun hankalina bai gama tashi ba.
Muryar ma ba tawa ba ce.

Arzika yana Abijan, yana rubutu a jikin manyan motoci.
An ce harafinsa ba ya karkata,
bai taɓa cin wasali ko ɗaya ba.
Mun haɗu ran jana'izar Mushe.
Na ce, kana zane har yanzu?
Ya ce, in na fara tozo
sai in ji hannuna na neman bakin riga.
Ya yi dariya. Shi ya ɗauki gaban makara.

'Yata Tsahara, su a ƙungiya suke zama,
malamarsu na barin su su gano da kansu.
Shekaranjiya ta jera tsakuwa a tsakar gida,
layi bakwai, takwas takwas,
ta ce, Inna, me ya sa hamsin da shida?

Na buɗe baki.
Shekara talatin ina ɗauke da amsar,
ban taɓa kwance ta na ga cikinta ba.

Na durƙusa kusa da ita muka ƙirga.
Ta yi kuskure sau biyu.
Na ji Mushe ya taso mini a maƙogwaro,
na haɗiye shi,
amma ban bar ta ta tashi ba
sai da lissafin ya cika.