Ba Ƙadangare Ba Ne

Kakarki ta ɗora wa ƙadangare laifi.
Wai ya leƙa bakinki kina hamma
a kan dutsen bayan gidanmu na Gangare,
shi ya sa har wata goma sha takwas
dasashinki fayau, kamar cikin sabuwar ƙwarya.
Na ƙyale ta.
Tsohuwa na son mai laifin da za ta iya jifa.

Ni kuwa na san daren.
Damina ce, cikinki wata uku,
tsohon ramin kuza ya cika har ya yi kore,
gidan sauronmu na kan igiya, ruwa ya hana shi bushewa.
Cizo ɗaya, a idon sawu.
Zazzaɓin kwana biyu, 'yan ƙuraje, jan ido.
Na haɗiyi ƙwaya biyu, na koma kan saƙata.

Hular nan, Jummala,
sau biyu na warware ta ina rage mata faɗi,
har yau gira take rufe miki.

Ran da haƙorin fari ya ga damar fitowa
bai zo da fari ba.
Launin ruwan shayi ya zo da shi,
gefensa a gutsure kamar bakin tsohon tangaran.
Da dare kina goga su, ƙaras, ƙaras,
har babanki ya tashi da tocila
yana neman ɓera a buhun dankali.

Mota biyu muka hau zuwa Lamingo.
Likita Kangyang ta sa ɗan madubi a bakinki,
ta daɗe tana duban gandarki mai zurfi,
sannan ta ce:
haƙori tun a ciki ake aza tubalinsa,
kafin a yanka rago, kafin a san suna.
Abin da sauro ya kawo ya tarar da magina kan aiki,
ya kore su ba su yi shafe ba.
Ba alewa ba ce, in ji ta. Ba sakacinki ba ne.
Nan na yi kukan da na rike shekara biyu.

Na ce, za su gyaru?
Ba ta ce i ba.
Buroshi ta miƙo, bai kai ɗan yatsana ba,
ta ce magani kamar ƙwayar shinkafa,
safe da dare, ku dawo bayan wata uku.

Yanzu kullum asuba nakan ɗumama ruwa,
don sanyin garin nan ba ya ragawa haƙori marar riga.
Ina gogewa ina lallashi, kina ture ni.
Jiya kika datse min yatsa,
cizo na gaske, har na ce wash!

Na kai wa kakarki shaidar, tana kan tabarma.
Ta matso da hannuna kusa da idonta,
ta ƙirga: ɗaya, biyu, uku,
ga na huɗu can, da ƙyar ya taɓa fata.
A kan dutse ƙadangare na ta gyaɗa kai.
Yau ba ta ɗauki tsakuwa ba.