Tawadar Wani

A Kasuwar Katako na same shi,
cikin tiren Ɗan'azumi mai gwanjo,
tsakanin makullan da ƙofofinsu suka daɗe da rushewa
da wani agogo da ya tsaya a huɗu saura kwata.
Ya ce, "Biro ne, amma ya mutu. Kawo ɗari biyar."
Ban taya ba.
Mai son abu bai iya ciniki ba,
idonsa ke fara tona masa asiri.

Na goga shi a hannun rigata har ya yi ɗumi,
na kai hanci: kafur.
To, seluloyid ne na ainihi.
Robar yanzu ba ta da ƙamshi,
tsufa ma ba ta iya ba, karyewa kawai ta sani.

Kore ne, amma ba koren ganye ba,
koren ruwan kududdufan kuza na hanyar Bukuru
lokacin da la'asar ta sakaliya,
ka ga kamar za ka hango ƙasa, ba ka hango ba.
Ka juya shi a yatsu, launin ya nutse,
ka sake juyawa, ya taso.

Da shi sun zama goma sha ɗaya
a gwangwanin biskit da na shimfiɗa wa tsohon rawani.
Akwai mai kalar ƙoƙon kunkuru,
akwai mai ruwan zuma da aka barbaɗa wa toka,
akwai mai tsagaggen murfi, shi na fi ji da shi,
ban san dalili ba.
Komai sanyin Jos ba na kai su ɗakin da kaskon gawayi yake.
Wuta ƙanwar uwarsu ce, kira ɗaya suke amsa mata,
ni kuwa na ga daren da Taminus ta ci.

Ladidi ta leƙo ta ce,
"Alƙalami goma sha ɗaya, wasiƙa ko ɗaya babu."
Na yi shiru. Gaskiyarta.

A gefen wannan an sassaƙa suna,
babban yatsa ya cinye rabinsa:
D., sai GYA, sai santsi.
Gyang, ina jin.
Akawun kamfanin kuza ne, mai lissafin kwanakin lebura?
Ko malamin firamare, mai jan layi ƙarƙashin kuskure?
Abu ɗaya na tabbatar: bahago ne.
Bakin zinaren ya ci ta gefen da ba nawa ba,
ya yi ta ƙarzar takarda yana ƙi na
sai da na karkata hannu yadda yake so.

Jakar cikinsa ta bushe, ta farfashe kamar ɓawon gyaɗa.
Na tsoma bakin a kofin shayi, ruwa ba zafi ba sanyi,
na tafi sallar isha'i.
Da na dawo, shuɗi yana ta warwarewa a ruwan
kamar hayaƙin da ba ya sauri.
Tawadarsa ce, sauran abin da bai gama faɗa ba,
ta kwana a nan shekarun da ban iya ƙirgawa ba.

Ban zubar ba.
Na tsoma, na ɗauko takarda,
na daɗe zaune,
don ba kowace magana ake yi da tawadar wani ba.
Daga baya na rubuta: Ladidi, ga wasiƙar.
Layi na biyu ya fara kodewa,
na uku sai ka ɗaga shi wajen fitila.

Da safe ta karanta a tsaye, ludayin koko a hannu.
Ta juya bayan takardar, ta juyo.
Ta ce, "Maganar taka ce,
amma wannan rubutun ba hannunka ba ne."
Ta ninke ta huɗu, ta sa a bakin zani,
ba ta maido min ba.