Taswira a Kan Tabarma

Hutun mako guda aka ba ni,
bayan shekara uku ina miƙa ƙwayoyi
ta tagar ɗakin magani.
Na iso Jekadafari da takardar a aljihu,
gumi ya riga ya sa mata hannu.

Bazara ta leƙo.
Ɗorawa ta rataya jajayen tuntaye,
mangwaro ɗanye shar, mai kashe haƙori,
ruwan randa kafin azahar ya zama na wanka.

Da dare muka shimfiɗa taswira a tabarma,
tsohuwa, ta ajin labarin ƙasa,
gara ta cinye rabin Nafaɗa.
Muka danne kusurwoyi da kofin shayi,
da takalmin Bappayo,
da tocila mai lumshe ido.

Bappayo ya ce: Dass.
Duwatsun can, in ji shi,
kamar an kife tukwane a sama an manta.
Lamela ya ja tsaki:
Dutse a wannan rana? Ai tanda ke nan,
mu ne wainar.
Shi Yankari yake so,
ya jiƙa ƙashi a Wikki har yatsu su yamutse.
Na ce can ba a sakin mutum da ƙafa,
giwa ma ta tagar mota ake gaishe ta,
ni kuwa na ƙoshi da taga.

Shiru.
Sauro ya zo ya rada tasa shawarar.

Muka ɗora jaka a sikelin maƙwabci:
garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino rabin mudu,
gidan sauro, ashana, buta,
wuƙar da albasa kaɗai ke tsoronta.
Kilo goma sha huɗu, ba ɗigon ruwa a ciki.
To, ruwan fa?
Nan gardama ta naɗe ƙafa ta zauna.
Wa zai goya rijiya?

Inna Dudu na bakin ɗaki da carbi,
mun ɗauka gyangyaɗi take.
Ta ce: Kuna zaɓen dutse kamar masu zaɓen atamfa.
A bazara ba ido ke zaɓen hanya ba,
maƙogwaro ne.
Ku tambayi inda shanu ke wuni.
Inda ƙudan zuma ya sauka a rairayi,
durƙusa ka tona.
Ina budurwa, daga Kaltungo muka hau Tula da ƙafa,
ƙwarya a ka,
ba wannan buhun naku mai igiyoyi ba.
Can sama iska ba ta da gaggawa,
kuma akwai wani idon ruwa a gindin ɓaure,
in bai mutu ba.

In bai mutu ba.
Maganar ta maƙale mini kamar ƙarangiya a wando.

Na ɗora yatsa a Kaltungo,
na ja shi ya haura Tula,
ya gangara Talasse, ya sha a Balanga,
har inda ninkin takarda ya yage
Cham ta faɗa rami.
Kwana bakwai, in gwiwa ta yarda.
Lamela ya tuna yana da gwaggo a Ture,
ya ce tuwonta ya fi Wikki ɗumi.
Bappayo bai ce uffan ba,
takalminsa kawai ya zare,
taswira ta naɗe kanta.

Ban yi barci ba.
Na cire riga biyu, na mayar da ɗaya.
Na cire madubi.
Na daɗe riƙe da agogo.

Da asuba, ina ɗaure igiyar ƙarshe,
Inna ta miƙo mini tsohuwar gora,
wofi, bakinta toshe da totuwa.
Na ce jakar ta yi nauyi.
Ta ce: Wannan ba ta da nauyi sai a dawowa.
In ka same shi, ciko mini.
In ba ka same shi ba,
kada ka cika ta a famfon tasha,
harshena ya san ɗanɗanonsa.