Kiran Suna a Atbara

Hoton nan ya fi ni tsufa a ido,
ko da yake rana ɗaya aka ɗauke mu.
Mu goma sha bakwai, gajeren wando, gwiwa duk toka,
a gindin dalbejiyar makarantar Turawan reluwe,
Mista Halfod a tsakiya, hana-salla a cinya,
ya runtse ido, don ranar Atbara ba ta san Bature ba.

Kowace safiya shi ke kiran suna,
harshensa na tuntuɓe da sunayenmu kamar baƙo a lungu da dare.
Yau ni zan kira. Mai kunne ya amsa.

Ohaj, ɗan duwatsun gabas,
da bai taɓa ganin ruwan da ya fi cikin salka ba,
shi ya ƙare yana jan manyan jirage zuwa tashar Bur Sudan.
Ƙasa ta rufe masa ido tun kafin furfura.

Girgis ɗan mai gyaran agogo ya ƙetare teku,
yana cire wa Turawa haƙori a garinsu.
Duk shekara kati, duk kati hoton ƙanƙara,
rubutun na ƙanƙancewa, na ƙanƙancewa,
yau shekara uku ke nan ya ɗauke.

Majok, dogon mai tsaron raga,
benci ɗaya muka goge ni da shi.
Ranar da aka tsaga ƙasa biyu ya wayi gari baƙo
a gidan da ya gina da guminsa.
Ya sayar, ya yi kudu da littattafai akwati tara.

Hassabu ya shiga soja, ya hau, ya hau.
Wata asuba rediyo ta ambace shi.
Ba mu tambayi kowa ba.

Babikir, kurar baya a lissafi, mai shan bulala kamar gado,
wanda Mista Halfod ya rantse ba zai tsinana komai ba,
motocinsa arba'in ke jigila tsakanin Jidda da Madina,
rabin ajin nan shi ya biya mana kujerar Makka.
Ashe jan alƙalamin malam daban, na ƙaddara daban.

Ni kuwa, jikan mahajjatan da guzuri ya ƙare wa a hanya,
Hausa a gida, Larabci a titi, Turanci a aji,
shekara talatin da ɗaya ina buga waya a tasha:
jirgi ya taso, jirgi ya makara, jirgi ba zai zo ba.
Ban je ko'ina ba. Kowa ta gabana ya wuce.

Jiya na bi ta makarantar.
Cike take da waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum.
Igiyar shanya daga taga zuwa dalbejiya,
murhu a filin da muke fareti.
A aji huɗu, ƙarƙashin allo, wani tsoho kan tabarma
yana ɗaure ƙafar tabarau da zare.

Tajussir.
Na ɗaya a kowace jarrabawa,
alƙalin da ake miƙe wa in ya shigo.
Abin da ya tsira da shi: jallabiya biyu, maganin suga,
da mabuɗin gidan da ba shi da sauran ƙofa.

Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya nuna kusurwa:
"Can ka tsaya da ƙafa ɗaya ranar da Hausa ta suɓuce maka a aji."
Muka yi dariya har tari ya raba mu.

Na aiki yaro shayi, ɗaya ba suga.
Na zaro hoton daga aljihu.
Ya ɗora yatsa ya faro daga hagu,
da muryar Mista Halfod, har tuntuɓen bai bari ba.
Sha biyar, ba amsa.
Ya kira nasa, ya amsa wa kansa.
Ya ce, "Tanimu Shu'aibu!"

Kafin in ankara na miƙe tsaye,
da wannan gwiwar tawa.