Kunnen Yumɓu

Ranar Laraba, bayan ruwan dare,
ƙasa da gonar inabi, a wani kwari na Toskana,
inda maɓuɓɓuga ke huci kamar tukunyar da aka manta a murhu,
na cusa hannu cikin laka mai ɗumi
na zaro kunne.

Kunnen mutum, na gasasshen yumɓu,
bai cika tafin hannuna ba.
Ba kai, ba wuya, ba ɗan'uwansa na hagu.
Laka ta cunkushe raminsa
kamar wanda ya gaji da zancen duniya ya toshe.

Ni Ermete, aikina jan baro da wanke tukwane,
ban san Latin ba, na dai san nauyin ƙasa.
Na kira Fiorenza, shugabar masu tono.
Ta sauko ramin da tabarau a goshi,
ta karɓe shi da hannu biyu
yadda ake karɓar jariri daga ungozoma.

Mun riga mun fito da wasu:
ƙafar tagulla da yatsa ɗaya a karye,
fitilar mai da har yau bakinta baƙi ne,
tsabar kuɗi da tsatsa ta mayar kore,
da ɗan bagadi na dutse mai haruffa huɗu.
Ta ce ma'anarsu:
ya cika alkawari, da son ransa, don an cancanta.
Ashe tun zamanin Romawa alkawari kaya ne,
har a gindin ruwa ake sauke shi.

Na ce, to kunnen fa?

Ta ce, magana biyu ce, Ermete.
Ko dai kunne ya yi ciwo, ya warke,
mai shi ya kawo kamanninsa don godiya.
Ko kuwa roƙo ne ga uwar ruwan nan:
ga kunne na kawo miki, ki ara,
ki saurare ni ko sau ɗaya.
Wanne ne? Ta ɗaga kafaɗa.
Shekara dubu biyu, mai shi bai bar suna ba.

Sai na tuna kakata Zelinda
da zuciyar azurfa da ta rataya a cocin ƙauye
shekarar da zazzaɓi ya saki babana.
Ba ta taɓa jin labarin wannan ruwa ba,
amma hannunta ya san hanyar.
Kunne ya girmi kaka, in ji masu magana,
wannan kam ya girmi kakannin kakata.

Da tsohon buroshin haƙori na wanke shi.
A hankali, a hankali, laka ta saki,
ramin ya buɗe, ƙarami, baƙi.
A bayansa akwai shatin babban yatsa,
inda maginin ya danna tun yumɓu na ɗanye.
Na ɗora nawa. Nasa ya fi ƙanƙanta.

Na waiga, ɗalibai suna can wajen inuwa.
Na kai shi bakina.
Abin da na faɗa masa ba na takarda ba ne.

Sun ba shi lamba, sun shimfiɗa masa auduga,
sun rufe akwati.

Da yamma na hau keke zuwa gida.
Clelia na yanka albasa, ta ba ƙofa baya,
ba ta ji shigowata ba.
Shekara uku ke nan kunnenta na hagu ya mutu,
ina ta ɗaga murya, ina ƙorafin ba ta ji.
Amma shekara arba'in kafin nan
ita ke magana a kan teburin nan
ni kuma ina cin miya, ina kallon taga.

Na ja kujera zuwa damanta.
Ta ce, me kuka tono yau?
Na ce, ke fara.
Ta dube ni, wuƙa a hannu, ido da ruwan albasa,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Lakar ba ta gama fita daga farcena ba.
Na jira.