Ƙwanƙwasar Tulu

Inna Cima ta juya takardar sama da ƙasa,
ta shafa hatimin da babban yatsa, ta ce:
"Shekara uku a Yamai, Barira,
buhun gero nawa muka sayar?
To wannan, me take zubawa a tukunya?"

Na ce ilimin halayyar ɗan Adam ne.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
"Hali? Ai hali zanen dutse ne.
Dubi duwatsun Birni, wa ya taɓa kankare su?"

Ban amsa ba. Famfo bai kawo ba ranar,
na ɗauki jarka na bi layi,
ina ƙirga mu bakwai da muka gama tare
kamar mai ƙirga canji a tafin hannu.

Mutari yana matatar mai, hanyar Tanut,
shi ke tace masu neman aiki.
Ya ce daga yadda mutum ya ja kujera
yake fara karanta shi.
Ya yi tumbi. Ya daina ɗaga waya.

Zuwaira na asibiti, ɗakin can na ƙurya
da ake wucewa da sauri ana a'uziyya.
Daga ƙauye ake kawo mata su, wani da mari a ƙafa,
bayan hayaƙi da rubutu sun ƙare.
Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya,
kujera biyu gare ta, sai haƙuri.

Laminu ya bi wata ƙungiya Agadas,
yana tarbar waɗanda hamada ta maido,
masu ƙirga abokan tafiya cikin barci,
kullum lissafin da giɓin mutum ɗaya.
Albashi mai tsoka, kwangilar wata shida,
daga nan sai yadda Allah ya yi.

Habsu tana lakwal. Ita ta gano
yaron da ake ta bugu wai daƙiƙi ne,
ashe allon ne ba ya hangowa.
Ɗaya ya koma neman digiri na gaba.
Ɗaya na sayar da katin waya a Kasuwar Dole,
ya rantse tun daga nesa yake gane mai zuwa cin bashi.

Saura ni.

Ran Talata gidan kaso suka kira ni,
ba albashi tukuna, kuɗin kabu-kabu kawai.
Wani saurayin Kara-Kara, damtse kamar taɓarya,
tabon wuƙa daga kunne zuwa haɓa,
ya zauna yana kallon takalmina
har ladan ya kira azahar.
Sannan ya ce: "Malama,
in mutum ya manta muryar uwarsa, zunubi ne?"
Duk littattafaina suka yi tsit.
Na ce: "Faɗa mini abin da ba ka manta ba."
Ya ce ƙamshin daddawa a zanenta.
Ya faɗa sau biyu. Ya rufe fuska.

Da na dawo, Inna na ƙofar gida,
an sauke mata tulunan Mirya daga amalanke.
Tana bi ɗaya-ɗaya da gaɓar yatsa,
ƙwas, ƙwas, kunne a karkace.
Ta ware guda gefe. "Wannan ya tsage ta ciki."
Na duba, na juya shi, sumul.
"Ba aikin ido ba ne," in ji ta.
"Ki ƙwanƙwasa a hankali, ki kama bakinki,
shi zai gaya miki inda ke masa ciwo."

Na ce: "Inna, aikina ke nan."

Ta daɗe tana dubana.
"To in kin ji tsagar, sai ki yar?"
Na ce a'a.
"Ni ma ba na yarwa.
Wanda ya kasa riƙe ruwa, yana riƙe gero."

Ta goge hannu, ta karɓi takardar,
ta sa ta cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan Salla.
"Ki kwanta da wuri," ta ce,
"an ce ruwa zai zo da asuba."