Akwatin Fukafukai

Awa arba'in da bakwai a littafina,
tawadar hatimin ba ta gama bushewa ba,
na dawo Gadarif da lasisi a aljihun jallabiya
da hotunan jirage uku a jaka.
Duk a akwati suke zuwa, in ji takardar,
kamar gadon ƙarfe: kai za ka haɗa abinka.

Bayan isha'i na baje su kan tabarma.
Batulu ta dire butar gahawa, ta ce,
"To, wanne ne zai cinye kuɗin riɗin bana?"

Na farko ja ne, mai tsinin hanci,
fukafukansa a ƙasa kamar mai shirin dambe.
In na tashi da hantsi
a bakin Bahar Maliya zan yi azahar.
Zuciyata ta riga ni shiga cikinsa.
Sai na tuna Kyaftin Tajussir
ranar da na daki ƙasa sau uku a sauka guda.
Bai yi faɗa ba. Ya goge tabarau, ya ce,
"Jirgin da ya fi tunaninka sauri
zai riga ka isa inda ba ka so."
Ga shi kuma ɗan kwalta ne,
mu kuwa baƙar laka gare mu,
da rani ta tsage, da damina ta haɗiye tarakta.

Na biyu kujera huɗu.
Na ƙirga a yatsu: ni, Batulu, Intisar, Inna.
Daga ɗaki Inna ta ce a cire ta a lissafi.
"Kakanka da ƙafa ya zo nan daga Katagum,
shekara shida a hanya,
bai faɗo daga ko'ina ba."
Farashinsa girbi uku ne,
injinsa kuma ba ya ƙoshi da mai.
Na kife hoton.

Na uku, gaskiya, ba shi da kyau.
Fukafukai a sama kamar rumfar mai shayi,
tayoyi ɓul-ɓul.
In iska ta taso masa ta gaba
babbar mota mai zuwa Kasala za ta wuce shi.
Amma filin ƙwallon yara ya ishe shi sauka,
kuma daga tagarsa ana ganin gona kunya-kunya.

Ina ɗan shekara tara na riƙe jar tuta a bakin gonar auduga,
jirgin feshi ya bi ta kaina, ƙasa-ƙasa,
har na ga agogon hannun matuƙin.
Tun daga ranar wuyana bai koma daidai ba.

Ɗan'azumi mai walda ya zo da safe,
ya bi zanen da baƙin farcensa.
"Ƙusa dubu goma sha ɗaya, kowace da hannu.
Shekara biyu, in ba ka yi jinya ba."
Intisar tana tsugune tana ɗaure takalmin makaranta.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Baba, in ka manta guda ɗaya fa?"

Ba wanda ya amsa.

Mai sayen jirgi yana jingina da baƙon da bai sani ba.
Mai haɗawa ba shi da wanda zai zarga
sai kansa na wata Talata,
da ya tashi da gajiya, ya ce wannan ma ta isa.
Na daɗe ina duban hannayena.
Na san su da gaggawa.
Na ce wa Intisar, "Ke za ki riƙe littafin ƙirga."

Na sa hannu a kan na uku.
Muka kwashe buhunan dawa daga sito,
muka share, muka kori ɓeraye.
Na ja igiyar awo daga bango zuwa bango:
ɗakin ya isa a haɗa fiffike,
amma ƙofar ta gaza da taƙi guda.
Zai shiga a akwati, ba zai fito da fukafukai ba.

Batulu ta dubi ƙofar, ta dube ni,
ta shiga ciki ta ɗauko guduma.
"Ungo," ta ce. "Fara da bangon."